Masinjan Unguwar Shanu

Ranar wata Asabar jikata Fa'iza da ƙawayenta biyu, 'yan makarantar koyon aikin lafiya, suka baje mini a tsakar gida suna zaɓen ɓangaren da kowacce za ta kama idan sun gama. Ɗaya ta ce ita irin nawa take so, wai ba jini, ba allura, ba kwanan asibiti: ki shiga gidan tsoho, a ba ki ruwa, ku taɓa hira, ki fito. Ban tanka ba, don bakina da zafi, ita kuma 'yar mutane ce. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Aikinmu shi ne mayar da mutum ga abin da hannunsa ya saba. Likita ya rubuta magani, nas ta yi jinya, mu kuma mu koya wa wanda ciwo ya taɓa yadda zai sa rigarsa, ya ci tuwonsa, ya kama ruwa ba tare da an ciccibe shi ba. Mutanen gari ba su da wani suna da suke kiranmu, sai "masu koyar da aikin hannu", saboda idan sun leƙa ɗakinmu kaba suke gani da zare da keken ɗinki. Na fara a farkon shekarun tamanin, ina mataimakiya a ƙarƙashin Sista Talatu, wata gajeriyar Bazazzagiya da ake jin muryarta tun daga bakin ƙofar asibiti. Ita ta ɓullo da bin gidaje saboda tsofaffin da gigin tsufa ya kama. Cewa take tsohon da ya manta sunan 'ya'yansa bai manta hanyar randarsa ba, in ka raba shi da randar ka ƙarasa shi.

Jakar da ta haɗa mini ta fi kama da ta kafinta. Akwai tef na awo, ƙaramar guduma, ƙusoshi, igiya, alli, gwangwanin farin fenti da buroshi. Da fentin muke zana bakin dakali don tsoho ya ga inda ƙafa za ta sauka. Igiyar muke ɗaurawa daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki. Amma ranar farko a kowane gida ba a buɗe jakar. Dokar Sista ce: ki zauna daga hantsi zuwa azahar, ki rufe baki, ki ga inda ƙafar mutum take kai shi da abin da hannunsa yake lalube. Ni da ba na iya shiru, wannan ya fi kowane darasi ba ni wuya.

Gidan farko da ta kai ni a Abakpa ne, wata tsohuwa ta daina shiga banɗaki. Idan an kai ta ƙofa sai ta turje ta yi ta ihu, har ta koma ɓata shimfiɗa, surukarta tana wanki sau uku a yini. Ni da rawar kai na ce a roƙi likita ya ƙara mata maganin kwantar da hankali. Sista ta harare ni, ta je ta ranƙwafa daidai tsawon tsohuwar ta kalli ƙasa. Ashe wata baƙar roba ce aka shimfiɗa a bakin ƙofar don goge ƙafa, idon tsohuwa kuma rami yake gani. Ta sa ƙafa ta shure robar gefe. Kafin la'asar tsohuwa ta shiga da butarta, ta fito da kanta. A hanyarmu ta dawowa Sista ba ta ce mini komai ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shekara shida na yi a bayanta, sannan ta yi ritaya, kuma ta bar ni a mummunan lokaci. Shekarun nan ne da naira ta faɗi, komai ya yi tashin gwauron zabo. Motar da take kai mu gidaje aka ɗora ta kan duwatsu don babu taya. Magani ya zama sai mai hali. Manyanmu suka zauna suka ce bin gidaje almubazzaranci ne, amma tunda an saba, kowane majinyaci ziyara huɗu, bayan nan ko a kawo shi gado ko a rufe katinsa. Na koma bin bas da jakata a cinya, fenti yana ɓata mini farin kaya. Ziyara huɗu ga mutumin da ya shekara saba'in yana tara ɗabi'unsa, ku auna ku gani.

A cikin wannan hali aka ba ni katin Malam Garba na Unguwar Shanu. Bakatsine ne, ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi fiye da shekara talatin yana masinja a sakatariya har ya yi ritaya. Sau uku yana ɓata. Na ƙarshe a tashar Kawo wani direba ɗan garinsu ya gane shi ya dawo da shi, ƙafa duk ta fashe. Tun daga nan aka sa kwaɗo a ƙofar zaure. Daga shi sai matarsa Inna Hure a gidan, ita ma ta haura sittin, ga hawan jini, ga kumburin ƙafa, ta ma daina kokon da take sayarwa.

Na zauna kan tabarma kamar yadda aka koya mini. Da safe lafiya lau yake, dogo, siriri, mai tsabta. Yana gama karyawa sai ya miƙe ya fara lalube: ƙarƙashin filo, bayan ƙofa, cikin adaka. Daga nan ya nufi zaure, ya tarar da kwaɗo, ya shiga dukan ƙofar da tafin hannu.

"An makara," yake cewa. "Yallaɓai shina jira. A buɗe, an makara."

Haka ya yi ta yi har azahar ta gota, Inna tana bayansa tana lallashi. Gefen hannunsa duk kanta ne da tsohon rauni. Can wajen ƙarfe uku da rabi, lokacin da ake tashi daga ofis, sai ya daina da kansa, ya dawo ya nemi buta. Na tambayi Inna me yake nema a cikin adaka.

"Kakinshi, ɗiyata," ta ce. "Ran da ya aje aiki Alhaji ya kwashe su ya bayar, ya ce Malam ya gama wahala."

Alhajin shi ne ɗansu Alhaji Sani, babban jami'i a wata ma'aikata, yana zaune a Badarawa da iyalinsa. Kada ku ɗauka mugu ne. Shi ya sa wa gidan siminti, shi ya kai iyayen Makka, kullum da yamma sai ya biyo, duk da uban ya kusa shekara bai gane shi ba. Ya riga ya nemi ɗaki na musamman a asibiti, an ce masa ƙarshen wata zai samu. A ziyara ta biyu na jira shi a zaure na gaya masa abin da na gani: Baba ba guduwa yake yi ba, aiki yake tafiya. A ba shi fayil da littafin sa hannu, a tsara masa gajeriyar hanya a cikin layin nan, ya kai saƙo ya dawo.

Fuskarsa ta canza. "Sista," ya ce, "ubana ya shekara talatin yana tsaye a ƙofar yaran da ya haife su, suna aikensa sayen goro. Da wannan ya yi mini karatu. Yanzu da Allah ya rufa mini asiri, sai in mayar da shi masinjan unguwa? Mutane su ce me? Idan kuɗi ne, ko nawa ne asibiti zan biya."

Na ce, "Yallaɓai, na san za ka biya. Amma gadon ba shi kaɗai za ka saya ba. Asibiti ba sa karɓar irin Baba sai da mai jinya, kuma ka san wace ce. Innar da kake son ka hutar, ita za ta kwanta a siminti kusa da gadonsa. Abinci sau uku a ɗauko daga nan. Can ma ƙofa zai nema ya daka, su kuma ba su da lokacin lallashi, ƙwaya za su ba shi ya yini yana barci. Na ga irinsu da yawa: sun shiga da ƙafarsu, bayan wata biyu sai an juya su. Kuma ba warkewa zai yi ba, ko a can ko a nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Nawa kuwa fayil ɗaya ne da littafi da biro."

Ya yi ta kaɗa makullin mota. Daga ƙarshe ya ce tunda ɗakin sai ƙarshen wata, in yi abin da zan yi, amma ranar da ɗaki ya samu zai zo ya ɗauki ubansa. Inna tana daga cikin gida tana ji. Ita ce dama ta amsa masa maganar asibitin tun farko, wata rana da gajiya ta kai ta bango, kuma ba ta san yadda za ta janye ba.

Na bi layin da tef ɗina da allina. Na zaɓi wurare uku, duk a hannu ɗaya, ba tsallaka kwata, ba tsallaka titi: teburin wani Bazamfare mai shayi mai surutu, shagon Malam Bala tela, sai dakalin masallaci inda ladan yake zama da hantsi. Na yi wa kowa bayani, suka ce ai Malam Garba ubansu ne. A ziyara ta uku na zo da fayil da littafi, na tarar Inna ta riga ni. Ashe ta ɓoye kaki ɗaya a ƙasan buhun tsummokara shekara da shekaru, ta wanke, ta goge da dutsen gawayi. Da ya sa shi sai ya miƙe sambal, ya gyara maɓalli, ya miƙo hannu na ba shi fayil.

Kuskurena na farko a nan ya fito. Tsofaffin jaridu na yanka na cusa a ciki, a zatona ba zai duba ba. Ya buɗe, ya ɗaga ɗaya, ya kalle ni sama da ƙasa.

"Yarinya, sabuwa ce ke a ofishin ga? Wannan ba takardar aiki ba ce. Ina adireshi?"

Kunya ta rufe ni. Mutumin da ba ya gane ɗansa ya kama ni da ha'inci cikin daƙiƙa ɗaya. Na ruga wurin tela ya rubuta wa ladan cewa an gama ɗinka rigarsa, Inna ta faɗi saƙon sukari da madara na rubuta wa mai shayi, muka sa suna a bayan kowace. Tun daga ranar ban ƙara ba wani tsoho aikin ƙarya ba.

Kuskure na biyu ya fi muni. Ya kai wa mai shayi, mai shayi ya sa hannu. Ya wuce wurin tela, shi ma ya sa hannu. Ladan ma haka. Ina biye daga nesa ina murna. Yana barin masallaci, maimakon ya juyo gida, sai ya miƙe ya nufi babban titi da wani irin sauri da ban san yana da shi ba. Na bi shi da gudu, na yi abin da Sista ta hana ni tun ranar farko: na cafke masa hannu ta baya. Ya fizge, ya ɗaga fayil zai kwaɗa mini, ya ja da baya har ƙafarsa ɗaya ta hau kwalta, bas-bas suna wucewa suna hon. Na ga mutum zai mutu a hannuna saboda wayona. Allah ya taimake ni ladan ya biyo mu, ya zagaya ta gabansa ya yi masa sallama a natse, ya ce, "Malam, lokaci ya yi, zo mu yi alwala." Ya bi shi kamar ba a yi komai ba.

Na koma gidan, na gaya wa Inna na gaza, wataƙila gaskiyar Alhaji ce. Ta saurare ni har na gama.

"Mi kika ce mashi in ya gama?" ta tambaya.

Na ce na gaya masa ya dawo gida.

"To ai shi ke nan. Malam ba shi dawowa gida daga aike. Ohishin rajista shika komawa ya maida littahi. Shekara talatin ina ji: sai na biya rajista, sai na biya rajista. Rajistar ya tahi nema."

Ni da takardata, ita ko alif na boko ba ta sani ba, amma ita ta ga ramin. Na tsara masa inda zai je, ban tsara masa inda aikin zai ƙare ba.

Ziyara ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe a katinsa, a zaure na yi ta. Muka fito da tsohon teburin kokon Inna, muka shimfiɗa masa leda, muka aje kujera. Na shafe ginshiƙin ƙofar da farin fenti yadda za a hango shi daga masallaci, na rubuta RAJISTA da manyan baƙaƙe a kwali na kafa da ƙusa. Na roƙi ladan, idan ya sa hannu, ya ce, "A mayar rajista," ya nuna ƙofar. Inna ta zauna a bayan tebur da mayafinta. Muka sake shi, ni ina tsaye a bakin hanyar titi ko da wani abu. Ya gama da ladan, ya tsaya, ya waiga, ya hango kwalin. Sai ga shi ya taho. Ya tsaya gaban tebur ya miƙa littafi da hannu biyu.

"Madam, an kai duka."

Inna ta karɓi biro ta yi wani ɗan zane kamar ƙafar kaza. Bayan ya shige ciki ta rufe baki da mayafi tana dariya har da hawaye. "Shekara hamsin shina ce mani Hure," ta ce, "yau na zama Madam."

Daga nan katin ya rufe, amma tunda a Abakpa nake zaune, dab da Unguwar Shanu, nakan leƙa idan na taso. Zagaye biyu yake yi, ɗaya da hantsi, ɗaya kafin azahar, sannan ya ci abinci ya kwanta. Unguwa ta ɗauki abin da gaske. Katin ɗaurin aure, sanarwar mai unguwa ta ranar shara, saƙon mai shayi ga tela, duk ta hannunsa suke bi, kuma bai taɓa kai na wani ga wani ba. Mai shayi ya taɓa gwada sa hannu ba tare da rubuta lokaci ba, Malam Garba ya tsaya a kansa har sai da ya rubuta. An cire kwaɗo da rana. Kumburin ƙafar Inna ya sauka, ta koma dama koko da asuba. Amma Alhaji da yamma yake zuwa, bai ga ko ɗaya ba, kuma idan an ba shi labari sai ya ce sau ɗaya ya isa mota ta buge mutum. A wannan kam ba zan ce ya yi ƙarya ba, ni na ga ƙafar a kan kwalta.

Ɗaki ya samu ranar wata Litinin. Na nemi izini a wurin aiki na tafi da safe, ba don ina da abin cewa ba, sai don kada a ɗauke shi ba na nan. Wajen ƙarfe goma motar Alhaji ta tsaya a ƙofar gida. Ya fito da babbar riga, ya gaida Inna a bayan teburinta, ya kalli kwalin. Direba ya shiga ya ɗauko jakar kayan da aka haɗa ya sa a bayan mota. Malam Garba yana kan zagaye. Muka tsaya muna jira, sai ga shi ya ɓullo daga wajen masallaci, cikin kaki, fayil a hammata. Na ga muƙamuƙin Alhaji ya motsa.

Tsohon ya nufo rajista, sai ya ga babban mutum a tsaye kusa da mota da direba. Ya ja ya tsaya, ya haɗa ƙafa, ya buɗe fayil. Akwai ambulan ɗaya da ta rage, wadda ni ban san da ita ba. Daga baya ladan ya gaya mini Inna ce ta sa shi ya rubuta tun jiya, kuma layi ɗaya ne: ni na ce a kai shi, yanzu na ce ka bar mini shi.

"Ranka ya daɗe, ko kai ne mai wannan?"

Alhaji ya karɓa, ya buɗe, ya karanta. Ya ɗaga kai ya dubi uwarsa, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara ledar tebur. Uban ya miƙo littafi da biro.

"A sa hannu, ranka ya daɗe. Da suna, da lokaci."

Ya ɗora littafin a kan mota ya rubuta. Malam Garba ya karɓa, ya kawo shi kusa da ido kamar yadda yake yi wa kowa, yana bin rubutun da yatsa. Sai yatsan ya tsaya.

"Sani Garba," ya karanta a hankali. Fuskarsa ta washe. "Ranka ya daɗe, sunanku ɗaya da yarona. Shina nan ma'aikatarku. Ni na kai takardarshi ta neman aiki da ƙahwata, har ohis ukku. Ka san shi?"

Alhaji ya dube shi. Da ƙyar ya ce, "Na san shi, Baba."

"Shina aiki da kyau?"

"Yana ƙoƙari."

"To alhamdu lillahi. A riƙe mani shi amana, ranka ya daɗe. Yaron kirki ne, sai dai gaggawa."

Ni dai na juya na kalli bango, don hawaye sun zo mini kuma ina cikin farin kaya. Alhaji ya daɗe a tsaye da takardar a hannu. Sannan ya share fuska da hannun riga, ya juya wurin direba ya ce ya fito da jakar ya mayar cikin gida. Malam Garba bai tsaya kallonsu ba, yana da littafin da zai mayar.